Jinya a bayan doki: abin da ake samu a zahiri da inda ake cika baki

Cibiyoyin da ke jinya da dawakai sukan sayar da hidimarsu ne a dunƙule, mako 8 zuwa 12, zama ɗaya ko biyu a mako, kowane zama tsakanin minti 30 da awa ɗaya da rabi. A takardar tallarsu kuwa ba wanda aka bari a baya: yaron da gaɓoɓinsa suka sandare, da mai otizim (lalurar da ke wahalar da mu'amala da magana), da dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, da sojan da ya dawo daga fagen fama barci ya ƙaurace masa, kowa an yi masa alkawari. Mun ɗora hidimar a kan ma'aunin abin da take iƙirari, kuma hukuncinmu ya rabu biyu. Ga matsalar zama da daidaiton jiki, hidima ce da ta cancanci kuɗinta, muddin likitan motsa gaɓoɓi ne ke tafiyar da ita. Ga firgici da damuwa da sauran lalurorin ƙwaƙwalwa, ƙari ce a kan magani, ba ta kai ta tsaya a madadinsa ba. Abin da ke raba cibiyar kirki da ta jeka-na-yi-ka kuwa abubuwa ne da mai biya bai cika dubawa ba: takun dokin, hannun mutanen da ke kewaye da mahayi, da ko ana rubuta sakamako.

Hidima uku ce a ƙarƙashin suna ɗaya

Ruɗanin yana farawa ne tun daga bakin ƙofa, domin abubuwa uku daban-daban ake kira jinya da doki. Na farko shi ne hifoterafi. A nan mara lafiya ba ya koyon hawa, ba ya riƙe linzami, ba shi ke sarrafa dokin ba. Likitan motsa gaɓoɓi, ko mai koyar da ayyukan yau da kullum, ko mai gyaran magana, shi ke amfani da motsin bayan doki a matsayin kayan aiki. Na biyu koyar da hawa ne ga masu lalura, inda malamin hawa da ya samu horo na musamman ke koya wa mutum riƙon linzami da juya doki da tsayar da shi. Yana da amfani, amma darasi ne na wasa da nishaɗi, ba jinyar asibiti ba. Na uku jinyar ƙwaƙwalwa ce da ake yi tare da doki, galibi a ƙasa ba tare da an hau ba.

Abin ya samu karɓuwa ne bayan 1952, lokacin da Lis Hartel ta ƙasar Denmak, wadda shan inna ya kashe mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa tun 1944, ta ci lambar azurfa a gasar horon doki ta Olamfik a Helsinki, alhali sai an ɗora ta an sauke ta. A 1969 aka kafa RDA, ƙungiyar hawan doki ta masu lalura, a Birtaniya, aka kuma kafa takwararta a Amurka wadda tun 2011 ake kira PATH International. Ƙungiyar masu hifoterafi ta Amurka ta biyo baya a 1992, sai EAGALA a 1999, wadda ta tsaya kan jinyar ƙwaƙwalwa a ƙasa. Amfanin sanin waɗannan sunaye ɗaya ne: kowace takardar shaida tana nuna abin da mai ita ya iya da abin da bai iya ba. Shaidar koyar da hawa ba ta mayar da mutum likita. Cibiyar da kuka tambaya wace daga cikin ukun take yi ta amsa muku da "duka muna yi", ku nemi ganin lasisin wanda zai tsaya a kan mara lafiyarku.

Takun doki shi ne maganin

Doki idan yana tafiya a hankali, takunsa huɗu ne a jere, kowace ƙafa da lokacinta. Duk sa'ad da ƙafar baya ta ɗaga ta shigo ƙarƙashin ciki, ƙugun dokin na wannan ɓarin yakan sauka ya kuma matsa gaba. Wanda ke zaune a gadon baya sai ƙugunsa ya bi: ya karkata gaba da baya, ya sauka dama da hagu, ya kuma ɗan murɗa. Waɗannan motsi uku sun yi kusa ƙwarai da abin da ƙugun mutum ke yi idan yana tafiya da ƙafafunsa. Yaron da bai taɓa tafiya daidai ba, jikinsa yana ɗanɗana yadda tafiyar take ba tare da ya ɗora nauyi a kan ƙafa ba. Doki yana yin taku kusan 100 a minti, ke nan a zaman rabin awa tsokokin ciki da na baya da na wuya za su gyara zaman mahayi sau wajen 3,000. Babu likitan da zai iya ba da wannan adadi da hannunsa a kan katifar motsa jiki, kuma babu yaron da zai jure masa ko da zai iya.

Zafin jikin doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, ya ɗan ɗara na mutum. Shi ya sa a hifoterafi ba a cika ɗaura sirdi ba. Siririyar shimfiɗa ake sawa, a ɗaure ta da majayi mai mariƙi, don ɗumi da motsi su ratsa zuwa matse-matsin mahayi, tsokokin da suka ɗaure su saki. Sirdi yana tare ɗumin, yana kuma kashe wani sashe na motsin. Cibiyar da ta ce hifoterafi take yi amma kowane yaro a kan babban sirdi da likkafa yake tun daga farko har ƙarshe, akwai alamar tambaya a kanta.

Ba kowane doki ne ya dace da kowane jiki ba, kuma a nan ake gane gwani. Yaron da cinyoyinsa suka matse da juna, siririn doki yake bukata mai dogon taku mai laushi. Idan aka ɗora shi a kan mai faɗin haƙarƙari, buɗewar za ta yi masa yawa, zafi ya sa tsokar ta ƙara ɗaurewa, a tashi da akasin abin da aka zo nema. Yaron da jikinsa ya saki, wuya ba ya tsayawa sosai, ɗan gajeren taku mai girgiza ne ke farkar da tsokokinsa. Tsayin da ya fi dacewa daga santimita 140 zuwa 155 ne a kafaɗa, domin idan doki ya wuce haka masu rakiya za su yi ta tafiya hannu a sama, kafin minti goma kafaɗarsu ta gaji, su fara jingina da yaron maimakon su tallafe shi. Ana zaɓar goɗiya ko dandaƙaƙƙen doki da ya manyanta, galibi daga shekara 8 zuwa sama. Ingarma ba shi da gurbi a wannan aiki.

Babban aibin da muka fi jin tsoro shi ne doki mai ɗingishi. Cibiyoyi da yawa da kyautar dawakai suke rayuwa, kuma dokin da ake bayarwa kyauta sau da yawa tsoho ne mai ciwon gaɓa. Yana da sanyin hali, ba ya tutsu, kowa yana yabonsa. To amma dokin da ke rage nauyi a kan ƙafa ɗaya, karkataccen motsi yake aikawa cikin ƙugun mahayi, sau dubu uku a kowane zama, ga yaron da dama karkacewar ce ta kawo shi. Gwajin ba shi da wuya. Ku sa a ja dokin a kan yashin da aka share, ba kowa a bayansa, sannan ku dubi sawun. Kofaton baya ya kamata ya sauka a kan sawun na gaba ko ya ɗan wuce shi, kuma tazarar dama da ta hagu su zo daidai. Ku tsaya ta baya, nesa da inda harbi zai kai, ku ga ko ƙugun yana sauka daidai a ɓangarorin biyu. Idan kan dokin yana ɗagawa duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taɓa ƙasa, wannan ƙafar tana ciwo.

Yadda zama mai kyau yake tafiya

Ranar farko bai kamata a hau ba. Rana ce ta gwaji a ɗaki: a duba buɗewar ƙugu, a auna ɗaurewar tsoka, a ga ko mutum yana iya riƙe kansa, a karanta takardar likitansa. Daga nan ake zaɓar doki da adadin mataimaka. Mahayi mai rauni yana bukatar mutum huɗu: zagi mai riƙe da ragama wanda ba shi da aikin da ya wuce dokin, masu rakiya biyu dama da hagu, sai likitan da ke ba da umarni.

Hular kwano dole ce, kuma ta hawan doki, mai tambarin gwaji irin su ASTM/SEI ko PAS 015. Ta keke ba ta wadatar, don ba a ƙera ta domin faɗowa daga wannan tsayi ko bugun kofato ba. Ta zauna a miƙe, yatsa biyu a saman gira, igiyoyin su haɗu a ƙarƙashin kunne, yatsa ɗaya kawai ya iya shiga tsakanin igiya da haɓa. Hular da ta taɓa bugun ƙasa an gama da ita ko da ba a ga tsagewa ba, kuma masu ƙera ta sukan ce a sauya bayan shekara biyar. Ana ɗaura wa mahayi faffaɗar ɗamara a ƙugu domin saukar gaggawa. Ba a taɓa ɗaure shi da doki ko da sirdi. Idan za a yi amfani da likkafa, ta kasance mai buɗewa ta gefe ko mai rufin gaba, don kada ƙafa ta zurma ta maƙale.

Hawa da sauka su ne lokacin da haɗari ya fi yawa. Cibiyar kirki tana da dandamali mai gangare wanda keken guragu zai hau, a shigo da doki ya tsaya daf da shi, ƙafafu huɗu a daidaice, zagi yana gabansa. Da mahayi ya zauna sai a fito da dokin daga lungun dandamalin tukuna, sannan a gyara majayi da likkafa a fili. Dalili kuwa doki dabba ce mai gudun matsi, idan ya firgita a cikin lungu ƙafar mahayi ce za ta matse tsakaninsa da katako.

Mintuna biyar na farko a miƙe ake tafiya, dogon layi, har jiki ya saba. Bayan nan likita yana ƙara wahala da gangan. Kewaya da'ira tana tilasta wa ɓarin jiki ɗaya aiki, shi ya sa ake juyawa a yi ta ɗaya hannun. Tafiyar maciji tsakanin turaku tana sa nauyi ya riƙa ƙaura daga dama zuwa hagu. Tsayawa da tashi kwatsam suna aiki a kan tsokar ciki da ta baya. Akan juya yaro ya fuskanci wutsiya ya dafa tafukansa a kan ƙugun doki, wanda ke miƙar da bayan da ya ranƙwafa ya kuma sa hannuwa su ɗauki nauyi. Akan zaunar da shi a gicciye, ko a kwantar da shi rubda ciki. Da zarar kai ya fara lilo, ko baya ya lanƙwashe, ko jiki ya zube gefe ɗaya an gyara ya koma, to an gaji, sai a sauka ko da minti 15 kawai aka yi. Ci gaba bayan wannan koya wa jiki mummunan zama ne. Iyaye sukan ji kamar an tauye musu lokacin da suka biya, amma likitan da ya sauke yaro da wuri ya fi wanda ke cika agogo sanin aikinsa. Bayan an sauka, mintuna goma na tsayuwa ko tafiya ko zama a benci suna da muhimmanci, domin a lokacin ne tsoka take a sake, kuma a ƙasa ake son ganin amfanin. Wanda ba ya jin taɓi a ƙasan jikinsa, a duba fatar mazaunai da cikin cinya bayan kowane zama, saboda gogayya tana iya buɗe gyambo bai sani ba.

Yawancin kurakuran da ke ɓata hidimar daga hannun 'yan sa kai suke fitowa, mutanen kirki waɗanda ba a horar da su sosai ba. Mai rakiya ya kamata ya ɗora damtsensa a hankali a kan cinyar mahayi yana riƙe da gaban shimfiɗa, ko ya riƙe idon sawu. Abin da ake yawan gani shi ne ya kama ɗamara yana ja, sai yaro ya karkato wajensa, na ɗaya gefen shi ma ya ja, su biyun su riƙe yaron ƙam har ya zama ba abin da tsokarsa ke yi. Wani kuma yakan kafa gwiwar hannu a kwiɓin doki, dokin ya yi ta kaɗa wutsiya yana neman kaucewa. Zagi kuma idan yana waiwaye yana hira da yaro, tafiyar takan mutu, doki ya koma jan ƙafa, motsin da aka zo nema ya ɓace. Sai batun nauyi: ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada mahayi da kayan hawa su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki, wato doki mai kilo 450 iyakarsa kilo 90. Mahayin da ba ya iya daidaita kansa ya fi wannan lissafi nauyi a bayan dabba, don haka cibiyar da ta san abin da take yi takan rage.

Waɗanda bai kamata su hau ba

Nan ba wurin sassauci ba ne. Yaron da bai kai shekara 2 ba ba ya hawa, darasin hawa kuwa galibi daga shekara 4 yake farawa. Mai farfaɗiyar da magani bai shawo kanta ba, da mai gocewar ƙashin ƙugu, da mai ƙashi mai saurin karyewa, da mai karkacewar ƙashin baya mai tsanani, da mai gyambo a mazaunai, da mai lalurar rashin daskarewar jini da ke yawan zuba, duk a dakata. Masu lalurar Down, wadda ake haihuwar mutum da ita tana jinkirta girman jiki da fahimta, suna da wata matsala ta daban: a wasunsu haɗin ƙashin wuya na farko da na biyu yana da sako-sako, kuma kashi 1 zuwa 2 cikin 100 sukan nuna alamun matsuwar laka. Girgizar doki ko ƙaramar faɗuwa na iya jawo shanyewa. Dole likita ya duba su kafin a fara, a kuma maimaita duk shekara. Sauyin tafiya, ko ciwon wuya, ko karkatar kai, ko fara sakin fitsari ga wanda da ba ya yi, dalilai ne na tsayawa nan take. Cibiyar da ta karɓi mai wannan lalura ba ta nemi takardar likita ba ta faɗi jarrabawa tun kafin a je barga. A kuma tabbatar da rigakafin tetanus, a wanke hannu bayan taɓa dabba saboda makero da ƙwayoyin gudawa, mai asma kuma ya zo da abin shaƙarsa don ƙurar fili da gashin doki.

Me bincike ya nuna

A ɓangaren jiki hujjar tana da ɗan ƙarfi. A 2003 wani ƙaramin gwaji a Amurka ya raba yara 15 masu sandarewar gaɓoɓi ta dalilin raunin ƙwaƙwalwa, wasu suka yi minti 8 a kan doki, wasu minti 8 a kan gangar da ba ta motsi. Na'urar auna aikin tsoka ta nuna daidaito tsakanin dama da hagu ya ƙaru ga 'yan doki kawai. A 2015 aka gwada yara 92 a Koriya ta Kudu, minti 30 sau biyu a mako har mako 8, aka ga ci gaba a motsi da daidaito fiye da waɗanda suka motsa jiki a gida. A Suwidin a 2017, cikin mutum 123 da suka yi shanyewar ɓarin jiki tun watanni ko shekaru da suka wuce, rukunin da ya yi mako 12 yana hawa ya samu sauƙi a tafiya da daidaito. Amma wani gwaji na yara 99 masu sandarewar gaɓoɓi a Ostareliya a 2009, wanda darasin hawa ne na mako 10, bai ga wani sauyin a zo a gani ba. Wannan bambanci ya dace da abin da muka faɗa tun farko game da wanda ke tafiyar da zaman. A Jamus, inda hifoterafi ya daɗe da kafuwa, hukumar da ke yanke abin da inshorar lafiya ta gwamnati za ta biya ta ƙi sanya shi cikin jerin a 2006 saboda ƙarancin hujja. Ci gaban da ake samu na gaske ne, amma matsakaici ne: zama ya miƙe, faɗuwa ta ragu, taku ya ɗan daidaita. Duk wanda ya ce yaron da ba ya tafiya zai tashi ya taka saboda doki, romon baka yake yi muku.

Ga otizim, gwajin da ya fi kowanne tsari shi ne na Jami'ar Kolorado a 2015. Yara 127 'yan shekara 6 zuwa 16 aka raba biyu, rabi suka yi darasin hawa na mako 10, rabi suka yi ayyukan barga da mutum-mutumin doki. Masu hawa sun ragu a saurin fushi da rashin natsuwa, sun kuma ƙaru a yawan kalmomin da suke furtawa. Sai dai iyaye ne suka cika wasu daga cikin takardun awon, kuma sun san rukunin da ɗansu yake. A aikace, abin da ke sa zaman mai otizim ya yi kyau shi ne rashin sauyi: doki ɗaya, mutane ɗaya, jerin aiki ɗaya da aka nuna masa a hoto, murya ɗaya mai ba da umarni. Mutum huɗu suna yi masa magana lokaci guda, ga hula tana matsa masa kai, ya isa ya rushe zaman. Wasu yaran sai an yi makonni ana saba musu da hular a gida kafin su yarda.

Jinyar ƙwaƙwalwa: inda tallar ta fi kayan

Zaman yakan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Likitan ƙwaƙwalwa da masanin doki suna tsaye, mara lafiya yana share jikin doki, ko ya sa masa ragama ya ja shi ta tsakanin shingaye, ko a ce ya sa doki ya biyo shi ba igiya. Daga baya a zauna a tattauna abin da ya ji a jikinsa. Akwai hikima a ciki. Wanda tashin hankali ya bar shi cikin ɗar-ɗar, dole ya sassauta numfashi da kafaɗa kafin dabba mai kilo 500 ta yarda ta tsaya masa, kuma yana ganin sakamakon nan take. Mutanen da ba za su taɓa zama a ofis su fuskanci likita ido da ido ba sukan buɗe baki suna shafa geza. Gwajin Jami'ar Kolombiya da aka buga a 2021, na tsofaffin sojoji 63 masu PTSD, wato ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, zama 8 na minti 90 ba tare da hawa ba, ya nuna kusan rabinsu sun samu sauƙi mai ma'ana, kuma 'yan kaɗan ne suka janye, alhali janyewa babbar matsala ce a jinyar wannan ciwo. To amma babu rukunin kwatance a gwajin, wato wasu da ba a yi musu jinyar dokin ba, don haka ba a raba aikin doki da aikin iska mai daɗi, da zama cikin 'yan'uwa, da kulawar likita ba. Wani nazari na 2014 da ya tattara bincike 14 ya kammala cewa hujjar ba ta kai a tallata wannan hanya a matsayin maganin lalurar ƙwaƙwalwa ba. Hanyoyin da aka tabbatar ga PTSD har yanzu su ne jinyar tattaunawa mai fuskantar abin da ya faru kai tsaye, da EMDR (tuna abin da ya faru yayin da ido ke bin motsi dama da hagu), da wasu magunguna. Kada kowa ya ajiye su saboda doki.

Maganar da aka fi yayatawa ita ce doki yana karanta zuciyar mutum. Abin da aka tabbatar ya fi haka ƙanƙanta. A 2016 masu bincike a Jami'ar Sussex sun nuna wa dawakai 28 hotunan fuskokin mutane, bugun zuciyarsu ya fi saurin tashi a kan fuskar fushi. Doki yana lura da fuska da murya da tsayuwar jiki. Wannan bai sa ya zama mai gano ciwo ba. Idan doki ya juya baya ya tafi, mai yiwuwa ƙuda ne ya dame shi ko ya hango ciyawa. Mai jinyar da zai ce wa matar da aka ci zarafinta "kin gani, ya guje ki ne saboda fushin da kike ɓoyewa" ya ƙara mata wani ciwon.

Akwai wasu abubuwa biyu da cibiyoyi ke sakaci da su. Na ɗaya taɓi. Idan za a hau, baƙi biyu za su ɗora hannu a cinyar mutum, wani kuma yana bayansa lokacin ɗorawa. Ga wanda aka taɓa keta wa haddi wannan kaɗai yana iya dawo masa da abin da ya faru. Sai an faɗa masa tun kafin ranar wa zai taɓa shi da inda za a taɓa, ya zaɓi mace ko namiji, a kuma yarda da wata kalma da zai faɗa a tsaya. Na biyu sirri. Fili ba ɗaki ba ne, 'yan sa kai da masu shara suna jin abin da ake faɗa. Kuma idan firgici ya taso wa mutum a tsakiyar fili, masanin doki zai iya janye dabbar, amma mai lasisin jinyar ƙwaƙwalwa ne kaɗai ya san yadda zai dawo da mutumin hayyacinsa. Zaman da babu shi a ciki bai cancanci sunan jinya ba.

Wanda barga ta yi masa nisa, ko jikinsa bai yarda da hawa ba, kare da aka horar yana ba da wani sashe na wannan natsuwa, kuma shi ana iya kai shi har gadon asibiti. Tun 1962 masanin halayyar yara Boris Levinson ya rubuta yadda karensa ke sa yaran da suka ƙi magana su saki jiki. Abin da kare ba zai bayar ba shi ne motsin ƙugu.

Dokin ma ma'aikaci ne

Aikin nan yana cin doki fiye da yadda ake zato. Mutane sun kewaye shi ta ko'ina, har ta wuraren da ba ya gani, wato daf da goshinsa da bayan wutsiyarsa, ga mahayi da ke dukan haƙarƙarinsa da dunduniya ba da niyya ba. Ƙa'idar PATH ita ce kada doki ya wuce awa 3 a jere ko awa 6 a yini, mu kuwa muna ganin ko wannan ya yi yawa ga mai ɗaukar marasa daidaito. Ku dubi kunnuwa: idan sun kwanta baya lokacin da ake ɗaura majayi, ko yana kai wa zagi cizo, ko yana turjiya a bakin dandamali, ko leɓɓansa sun ɗaure farin idonsa ya fito, to ya ƙoshi da aikin ko bayansa yana ciwo. Wanda ya tsaya shiru kamar gunki, ido a mace, shi ma ba lafiya ba ce. Irin waɗannan ne ke yin tutsu rana ɗaya a ce ba a san dalili ba. Ku tambayi yaushe aka gyara kofato, wanda ya kamata a yi duk mako 6 zuwa 8, yaushe aka duba haƙora, wanda ake yi aƙalla sau ɗaya a shekara, da ko akwai gwanin mahayi da ke fita da shi kilisa don bayansa ya ƙarfafa, da ko yana samun sakewa cikin 'yan'uwansa.

Kafin ku sa hannu a takardar biya, ku nemi a rubuta buri ɗaya ko biyu da za a iya aunawa: yaro ya zauna a benci ba tallafi na daƙiƙa 30, ko ya hau matakala biyar yana riƙe da ƙarfe, ko makin PCL-5, ma'aunin tsananin PTSD wanda ke tafiya daga 0 zuwa 80, ya sauka da maki 10. Ga masu sandarewar gaɓoɓi akwai ma'aunin GMFM-66, ga damuwa akwai PHQ-9. A auna kafin zama na farko, a sake a mako na 6, a sake a ƙarshe, kuma zai fi kyau wanda ba ma'aikacin cibiyar ba ya yi awon ƙarshen. Idan an cika mako 12 lambobin ba su motsa ba, a sauya doki ko tsarin zaman a gwada zango ɗaya, in har yanzu shiru a mayar da kuɗin da lokacin ga wata jinyar. Idan kuma yaron yana son hawan don kansa, a mayar da shi darasin hawa na masu lalura, a biya shi a matsayin wasa.